Darasi na Bakwai: Miƙar da Gashi a Gida da Rola da Handiraya

'Yar'uwa, wannan darasi na mai son gashinta ya miƙe ya kwanta ne ba tare da ta shafa masa rilaksa ba. Kayan aikin ba su da yawa, kuma ana samunsu a Babbar Kasuwar Sakkwato wajen masu kayan kwalliya: rola da kilif ɗinta, mataji mai manyan haƙora, shamfu, kwandishina, da handiraya.

Kafin ki taɓa komai, ki san abin da ke miƙar da gashi. Ruwa ne yake sassauta shi. In ya jiƙe, duk siffar da aka ba shi yana karɓa, in kuma ya bushe a haka sai ya tsaya a haka. Shi ya sa in kika tsefe kitso kike ganin sawunsa a jikin gashin. Aikin rola ta riƙe gashi a miƙe, aikin handiraya ta busar da shi. Rilaksa sinadari ce, inda ta taɓa ya canza ke nan sai dai sabon tsiro. Na rola kuwa, ranar da ruwa ya taɓa shi zai koma yadda Allah ya halicce shi.

Ki tsefe kanki, ki wanke da shamfu. Mai karkashi ta yi amfani da shi, santsinsa yana warware gashi sosai. Ki shafa kwandishina, ki taje daga bakin gashi zuwa tushe, sannan ki ɗauraye. Ki matse ruwan da tsohuwar riga ta auduga, ban da murzawa. In kina da man kariya daga zafi ki shafa kaɗan. Man kaɗe kuwa ki ajiye shi sai an gama, don in ya yi yawa gashi ba ya bushewa da wuri, ga shi yana kama ƙura.

Ki raba kan gida huɗu. Ki ɗebi gashi kaɗan, kada faɗinsa ya wuce tsawon rolar. Ki taje shi, ki ɗaga shi a miƙe, ki kwantar da bakinsa a jikin rola, ki yi ta naɗewa har tushe, ki maƙale da kilif. Babbar rola ita ke ba da miƙewa, ƙarama lanƙwasa take yi. In wani sashe ya bushe kafin ki iso shi, ki yayyafa masa ruwa. Don Allah ki sassauta hannu a gashin goshi da na gefen kunne. Ba shi da ƙarfi, kuma yawan ja ne ke cinye wa mata gaban kai.

Wurin busarwa ne aka fi yin hasara. Mace ta gaji da zama, ta taɓa saman rola ta ji ya bushe, ta warware, kafin la'asar gashi ya tashi ya cukurkuɗe. Saman ne ya bushe, ciki da sauran laima. Ki warware rola ɗaya ta tsakiyar kai, inda gashi ya fi cika, ki taɓa tushen. In kin ji sanyi, ki mayar da ita. Mu a Sakkwato yanayi yana taimakonmu: da bazara zafi yana haura digiri 40, da hunturu kuma iska busasshiya ce. Kina iya yin rolarki da safe, ki ɗaura ɗankwali mara kauri saboda ƙura, ki ci gaba da aikin gida. Da damina ne, musamman Yuli da Agusta, gashi ke daɗewa bai bushe ba, kuma miƙewar ba ta jimawa.

In rola ta sauka, handiraya za ta ƙarasa miƙar da tushen. Ki sa ta a matsakaicin zafi, ki nisanta ta da kai kamar santimita 15, wato kusan tsawon tafin hannunki. Iskar ta bi gashin daga tushe zuwa baki, mataji yana gaba tana biye, kada ki tsayar da ita wuri ɗaya. In kin ji ƙauri, ki kashe. Gashin da ya ƙone babu man da ke gyara shi, sai almakashi. A ganina sau ɗaya a mako biyu ya isa.

Handiraya tana cin wuta, da yawansu wat 1,500 zuwa 2,000 ne, ƙaramin janareto kuwa bai kai wat 1,000 ba, kada ki jona masa. Kada ki riƙe ta da jiƙaƙƙen hannu, kada ki shiga da ita makewayi.

Shafar kai a alwala za ta ɗan tayar da gashi, wankan wajibi kuma dole ruwa ya kai tushe. Kada ki tauye ɗayansu saboda kwalliya. Ki tsara rolarki ta biyo bayan wankan tsarki. Da dare ki kwantar da gashin kewaye da kai, ki ɗaure da ɗankwali mai santsi.

Aikin gida: Ki rubuta sunayen kayan aikin a littafinki. Ki rubuta jimla biyu kan yadda ake gane gashi ya bushe a cikin rola, ki karanta wa malama a aji.