Kafin ku sayi bugun zane mai ƙayyadadden adadi

Jama'a, duk mai niyyar sayen bugun aikin wani mai zane na zamani, ya fara duba ƙasan takardar. Lamba kamar 12/50 na nufin kwafi na 12 cikin 50 da aka buga, kuma galibi ƙarancin adadi ke ɗaga daraja. Sa hannun mai zanen ya zama na fensir, ba wanda aka buga tare da hoton ba. Ku nemi takardar shaidar cewa bugun na asali ne.

Amma don Allah kada lamba ta rufe muku ido. Ku tambayi ma'anar alamomin da ke cikin zanen, domin aikin da ke ɗauke da saƙon da aka san mai zanen da shi ya fi samun masu nema. In kun saya, ku nesanta shi da rana da danshi, launi na dusashewa farashi zai faɗi.