Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa kwamfuta da na'urar DAC

Masu ƙananan situdiyo a Gusau, da masu ɗaukar karatun malamai, da masu sa kiɗa a wuraren biki, da yawansu sun fara sayen 'yar na'urar nan da ake kira DAC. Aikinta shi ne ta karɓi sauti daga kwamfuta yana cikin siffar lambobi, ta mayar da shi lantarkin da amfilifaya da lasifika za su iya aiki da shi. Kowace kwamfuta tana da irinta a ciki, amma ta waje ta fi ba da sauti tsaf, saboda tana nesa da hayaniyar lantarkin cikin injin. Sai dai sau da yawa mutum kan ɗora wa na'urar laifin da ba nata ba.

Idan an jona ta kuma ba a ji komai ba, a fara duba wayar USB, domin wasu wayoyin na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai, kuma wayar USB 2.0 ba a son tsawonta ya wuce mita 5. Bayan haka a shiga saitin sauti a zaɓi DAC ɗin a matsayin mafitar sauti, tunda kwamfuta ba kullum take komawa kansa da kanta ba. Tun daga 2017 Windows 10 ke gane yawancin waɗannan na'urori ba tare da an sa musu direba ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura.

Abin da ya fi wahalar da mutane shi ne gurnanin da ke fita daga lasifika ko da ba a kunna komai ba. Akasari yana faruwa ne idan kwamfuta tana kan soket ɗaya, miksa ko amfilifaya kuma tana kan wani, sai ɗan bambancin lantarkin da ke tsakanin wayoyinsu na ƙasa ya bi ta wayar sauti ya fito da amon hertz 50, wato bugun wutar da muke amfani da ita a Najeriya. Janareto da inbata mai araha sukan ƙara masa tsanani. Gwajin mai sauƙi ne: a cire cajar kwamfutar, ta koma kan batir, idan gurnanin ya ɗauke, to an gano bakin zaren. Maganinsa shi ne a haɗa dukkan kayan a kan ekistenshan guda, ko a yi amfani da wayar Toslink mai aika sauti da haske idan kwamfutar da na'urar suna da mazauninta, ko a sa wayoyin XLR, masu ƙafa uku irin na makirfo, tsakanin DAC da miksa in suna karɓa. Wasu kan karya ƙafar filogi ta uku don su huta. Wannan ganganci ne, domin ita ce ke kare mutum daga jan wuta.

Akwai kuma masu cusa mafitar DAC cikin ramin makirfo na miksa. DAC na fitar da kusan bolt 2, wanda ya fi ƙarfin wannan rami nesa ba kusa ba, shi ya sa murya ke fashewa. Ramin layi, wanda aka rubuta wa LINE, shi ne mazauninsa.

Game da saitin kilohertz, wato yawan gutsattsarin sautin da ake sarrafawa a kowace daƙiƙa, ba sai an zaɓi lamba mafi girma ba. Faifan CD yana kan kilohertz 44.1 ne, sautin bidiyo kuwa galibi 48, kuma ɗaga saitin zuwa 192 ba ya ƙara wa fayil abin da babu a cikinsa. Haka ma karatun da aka yi ta turawa a WhatsApp har ya tsufa: DAC mai kyau sai dai ya ƙara fito da aibinsa. Wanda zai ɗauki sabon aiki ya adana shi a WAV ko FLAC, nau'o'in fayil da ba sa rage ingancin sauti.

Idan sauti yana tsinkewa jifa-jifa, a kashe tsarin da Windows ke rage wa ramukan USB wuta don tattalin batir, a jona na'urar kai tsaye a jikin kwamfuta, a kuma kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramin. Wajen kunna kaya, amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa kuma ita ce ta farko, musamman a lokacin da za a sauya daga wutar gari zuwa janareto.