Kurakuran da sababbin zuwa ke tafkawa a kan duwatsun bakin teku

Duk lokacin da na hau irin tsinin ƙasar nan da ya zura kai cikin teku, duwatsu tsaye ƙiƙam ruwa na dukansu ta fuska uku, sai na tarar da baƙi suna maimaita kurakuran da ni ma na tafka a shekarun baya. Na gaji da ɗaga wa mutane hannu daga nesa, ina ihu iska tana kwashe muryata. Gara in rubuta, mai karantawa ya huta, ni ma in huta.

Mutum ya ga hoton wurin a waya, ga baƙin dutse, ga shuɗin ruwa, ga farin kumfa, sai ya ɗauka haka wurin yake a daskare kullum yana jiran zuwansa. Alhali ruwan yana da sa'o'insa, tsuntsayen suna da watanninsu, dutsen kansa ma cin sa ake yi ta ƙasa dare da rana.

Bari in fara da kuskuren da ya kusa kai ni lahira: sauka ƙasan dutse ba tare da sanin lokacin cikar teku ba. A yawancin gaɓoɓin duniya teku na cika sau biyu, ta janye sau biyu a wuni da dare. Tsakanin cika da cika akwai kimanin sa'a 12 da minti 25, saboda haka lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Wanda ya ce maka "ai jiya da ƙarfe goma na ratsa nan ƙafata ba ta jiƙe ba" bai yi ƙarya ba, amma labarin jiya yake ba ka. Wata ne ke jan ragamar abin, rana tana taya shi. Lokacin jinjirin wata da kuma daren sha huɗu, da kwana ɗaya ko biyu bayansu, ruwa yana janyewa nesa ƙwarai, ya kuma dawo da tsawon da ya fi na kullum. A mashigin Fandi na Kanada tazarar cika da janyewa takan kai mita 16, a wasu gaɓoɓin kuma ba ta wuce mita ɗaya ko biyu. Kada ƙanƙantar ta ruɗe ka. Ruwan da ya kai gwiwa, yana gudu a kan dutse mai santsi, ya isa ya kayar da ƙato.

Ranar da abin ya same ni, na sauka ruwa ya janye, na bi wata siririyar hanya ta gindin dutse zuwa wani faffaɗan falalen da ke cike da ƙananan kududdufai. Kaguwa, ƙananan kifaye, halittu masu kama da fure da ke tsuke baki in ka taɓa su. Na shagala. Bayan sa'a guda na waiwaya, na ga ruwa bai matso wani abin kirki ba, na ce ashe da sauran lokaci. Nan na yaudari kaina, domin ruwa ba ya hawa da gudu ɗaya. In ka raba dukan hawan gida goma sha biyu, a sa'ar farko kashi ɗaya yake ci, a ta biyu kashi biyu, a ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sannan ya sassauta. Wato rabin cikar gaba ɗaya a cikin sa'o'i biyun tsakiya take zuwa. Kafin in tattara kayana hanyar ta zama kogi. Na gwada ratsawa, igiyar ruwa ta maka ni da dutse, kyamarata ta tafi, ƙaurina ya tsage. Na rarrafa na hau wani tudu na zauna. Lissafin ba wuya: in ruwa ya rufe hanya sa'a uku kafin ya cika, sai sa'a uku bayan cikar zai buɗe ta. Sa'a shida na yi a takure, jiƙe sharkaf, haƙora na kaɗawa, ina kallon ruwa yana lasar dutsen da ke ƙasan ƙafata ina addu'ar ya tsaya nan.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. Nakan duba jadawalin cika da janyewa na ainihin wurin, ba na wata tashar da ke nesa ba, in rubuta lokacin da biro a bayan hannuna, don waya tana mutuwa, tana kuma faɗawa ruwa. Nakan sauka sa'a biyu kafin ruwa ya gama janyewa, da zarar ya kai ƙarshe in juyo. Wasu gwanaye suna ƙara wa kansu sa'a guda bayan haka. Su suka sani. Ni wanda maciji ya sara ne, ko tsumma na gani gudu nake.

Mai kama da wannan shi ne juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Ka lura, mashigin da ke gefe yakan kwanta lumui, amma a bakin tsinin ruwa na hauka. Dalili kuwa, igiyar ruwa in ta iso wuri marar zurfi a gaban tsinin sai ta rage gudu, ɓangarorinta su lanƙwaso, ƙarfin ya taru a kan dutsen. Kuma igiyoyin ba girmansu ɗaya ba, sai ƙanana su yi ta wucewa, can wata uwa ta taso. Kafin in taka kowane falale nakan zauna sama minti ashirin ina kallo. Duk dutsen da na ga ya yi baƙi da danshi, ko gansakuka ta lulluɓe shi, na san ruwa na zuwa wurin, ba na tsayawa.

Sai masu zuwa gefen dutse daga sama su leƙa. Ciyawar da kake takawa tana iya zama rufi ne kawai a kan rami, domin teku ta ƙasa take ƙwaƙule dutse, ta yi kogo, kogon ya huda ya zama baka, bakan ya rufta ya bar ginshiƙi tsaye a ruwa. Wannan aikin bai ƙare ba. A watan Janairun 1990 wani bakan dutse da ake kira Gadar Landan a jihar Biktoriya ta Ostareliya ya rufta, ya bar mutum biyu a kan guntun da ya rage har sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko su. A Maris ɗin 2017 wani shahararren bakan dutse mai kama da taga a tsibirin Gozo na Malta ya faɗa teku gaba ɗaya. Ni taku goma nake bari tsakanina da gefe, in an yi ruwan sama kwanan nan ko iska na kaɗawa in ninka. Zama a gindin bangon dutse don inuwa ma ganganci ne, duwatsun da ka gani zube a wurin daga sama suka faɗo.

Yanzu ga wanda yake ɓata mini rai fiye da kowanne, don ni ma na aikata, kuma ba ni na biya kuɗinsa ba. Tsuntsayen teku suna zaɓar waɗannan bangayen ne don dabba mai ƙafa huɗu ba ta iya kai musu. A Bemton da ke gabashin Ingila kusan tsuntsu rabin miliyan ne ke taruwa lokacin ƙyanƙyasa. Akwai wani baƙi da fari mai tsayuwa kamar mutum, ana ce masa gilimot, wanda ko sheƙa ba ya yi. Ƙwai ɗaya tak yake sakawa a shekara, a kan tsuran dutse, ya riƙe shi bisa ƙafafunsa. Wata rana na lallaɓa na matsa kusa da wani layinsu don in samu hoto mai kyau. Suka fara miƙa wuya suna gyaɗa kai, ban gane ba. Taku ɗaya na ƙara, duk suka tashi fir. Ƙwai biyu suka gangara a kan idona, manyan tsuntsayen nan masu farin ciki da toka-tokan fiffike, waɗanda dama suna shawagi suna jiran sa'a, suka dira kan sauran. Wani dattijo da ke zaune da madubin hangen nesa ya dube ni ya ce, "Malam, ka samu hoton?" Bai ƙara ko kalma ba. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Jama'a, ku ji tsoron Allah. Hoton da za a kalla daƙiƙa biyu a wuce bai kai haihuwar shekara guda ta wata halitta ba. In tsuntsu ya daina gyaran gashinsa ya zuba maka ido, ka riga ka matso da yawa, koma baya. Masu tayar da ɗan jirgin ɗaukar hoto a gaban bangon sheƙa kuwa, laifinku ya ninka nawa, don tsuntsu shaho yake ɗaukarsa, garke guda kuke tayarwa a lokaci ɗaya. Ku sayi madubin hangen nesa, ku zauna, ku yi shiru. Bayan ɗan lokaci su da kansu za su manta da ku, a nan ne za ku ga tsuntsun ganet, fari mai baƙin bakin fiffike, yana naɗe jiki daga tsawon mita 30 ya soki ruwa kamar mashi.

Haka ɗan sil, dabbar tekun nan mai shayarwa da ke kwanciya a duwatsu. In ka gan shi shi kaɗai yana kuka, yawanci uwar tana ruwa a kusa, kuma tsayuwarka ce ke hana ta fitowa. Kada ka taɓa shi, kada ka tura shi ruwa, yana cizo kuma. A tsinin Kef na Afirka ta Kudu gwaggon birai ne matsalar. Har gaɓa suke sauka su ɓamɓari abin da ke manne da duwatsu su ci, amma baƙi suka koya musu buɗe jaka da ƙofar mota. Ba su abinci laifi ne a dokar wurin, kuma birin da ya saba ƙwace daga hannun mutane sau da yawa kashe shi ake yi a ƙarshe.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Silifas ko takalmi mai sulɓin ƙasa a kan jiƙaƙƙen dutse, a'a. Rigar kare iska ko da rana ta take, domin sanyin tsini daban yake da na cikin gari. In ka juya dutse a kududdufi don ganin abin da ke ƙasa, mayar da shi yadda ka same shi. Faɗa wa wani inda za ka da lokacin dawowarka, sau da yawa babu sabis a gindin dutse. Hazo yakan rufe wurin cikin mintuna. Tsohuwar hasumiyar fitila ta tsinin Kef an gina ta can ƙololuwa, gajimare ya riƙa ɓoye haskenta, har jirgin ruwan Fotugal mai suna Lusitaniya ya daki dutse a 1911, aka gina sabuwa ƙasa-ƙasa. Af, kuma ku daina rubuta a ƙarƙashin hotonku cewa nan ne ƙarshen kudancin Afirka. Tsinin Agulhas ne, kimanin kilomita 150 kudu maso gabas.

Na kusa mantawa da masu zuwa a watan da bai dace ba su koma suna cewa babu komai. A arewacin Turai bangayen sheƙa suna cika daga Afrilu zuwa Yuli, da hunturu dutse ne kawai da farin kashi. Manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel suna matsowa gaɓar Afirka ta Kudu tsakanin Yuni da Nuwamba. Su kuma ba jikinsu ake nema da ido ba, feshin numfashinsu ake nema, wani ɗan farin hayaƙi da ke tashi ya ɓace. Ni nakan zaɓi yanki ɗaya na ruwa, in ba rana baya, in riƙa sharar sa da ido a hankali daga hagu zuwa dama, madubin yana rataye a wuya har sai na ga feshin sannan in ɗaga shi.