Yadda Za Ka Zaɓa Wa Yaro Sarewa Daidai Hannunsa

Da farko, kada ka tafi kai kaɗai. Tafi da yaron, domin hannunsa ne ma'auni. Ni na taɓa yin wannan kuskuren: na sayo wa ɗan ƙanwata doguwar sarewa a hannun wani makiyayi can wajen Tudun Wada, sai ga shi yatsansa bai kai ramin ƙasa ba. Har yau tana nan rataye a ɗaki.

Na biyu, nemi gajera. Sarewar kara ko ta gora yawanci ramuka huɗu gare ta, kuma iya tsawonta iya tazarar ramukan. Gajera ta fi siririyar murya, amma ai koyo ake yi.

Sai ka sa shi ya ɗora yatsu, biyu na hagu, biyu na dama, ya toshe ramukan da naman yatsa, ba da kan farce ba. Nan fa ka zuba ido. In ka ga yana ta miƙa yatsu har wuyan hannu na lanƙwashewa, ajiye ta. In kuma rami ya fi yatsan faɗi, iska za ta riƙa zurarewa, ba abin da za ka ji sai fuu.

Shafa bakinta ka ji ko da kaifi. Ɗaga ta wajen haske ka leƙa ciki ko ta tsage, don hunturun Kaduna ba ya raga wa busasshen kara.

Kafin ciniki, ce wa mai ita, "Baba, ɗan busa mana mu ji."