Yadda Ake Kwatanta Otal-otal na Wuraren Shaƙatawa Kafin a Kai Iyali

Idan aka gama girbi, aka kai riɗi ko zoɓo kasuwar Maigatari, ko aka sayar da shinkafar Kura da ta Haɗejiya, akwai magidancin da yakan ware wani abu domin ya kai iyalinsa su ga duniya na kwana biyu ko uku, musamman a hutun makaranta ko bayan Sallah. Yawanci hankalinsa yakan tafi ga wurin da za a je, wato liluna da wurin iyo da namun dawa, alhali rabin lokacin tafiyar a masauki za a yi shi, kuma masaukin ne zai ci mafi yawan kuɗin. Hotunan da otal-otal suke sakawa a Facebook duk da rana ake ɗaukar su, bayan an gyara gado an buɗe labule, ba sa faɗin abin da zai faru da ƙarfe biyu na dare idan aka kashe janareta yaro ya tashi yana kuka saboda zafi. Don haka kwatancen da zai amfane ka shi ne ka ɗauki yinin gidanka tun daga sallar Asuba har zuwa barci, ka ɗora shi a kan kowane otal, ka ga inda zai zauna daidai.

Mataki na farko a gida ake yin sa, tun ba a kira kowa a waya ba. Ka rubuta sunayen masu tafiya da shekarunsu, domin otal da yawa suna lissafin ɗaki ɗaya na manya biyu ne, wanda ya ƙaru a kai sai an biya masa, kuma kowane otal yana da tasa ƙa'idar a kan shekarun da yaro yake kwana kyauta. A gidajenmu ba a haɗa samari da 'yan mata a ɗaki ɗaya, saboda haka gidan da yake ganin ɗaki biyu ya ishe shi yana iya tarar da cewa uku yake bukata. Idan akwai Hajiya ko Baba mai ciwon gwiwa a cikin tafiyar, ka rubuta cewa ana bukatar ɗakin ƙasa da banɗaki mai masai na zama, domin wannan kaɗai zai fitar da wasu otal-otal daga lissafi.

Mataki na biyu shi ne ka tsayar da otal uku, ba goma ba, kuma su kasance masu kusan daraja ɗaya, domin kwatanta ɗakin talaka da na attajiri ba ya koya maka komai sai ɓacin rai. Manyan wuraren wasa na duniya da kansu suke yin wannan rabon. Walt Disney World, wanda aka buɗe a jihar Fulorida ta Amurka a 1971, ya kasa otal-otal ɗinsa zuwa masu sauƙin kuɗi, matsakaita da na alfarma, kuma duk wanda ya sauka a cikinsu ana barinsa ya shiga wurin wasa rabin awa kafin sauran jama'a. Wannan yana nuna tambayar da ya kamata ka fara yi a ko'ina: me kwana a cikin wurin yake ƙara mini wanda kwana a wajensa ba zai ba ni ba? A Yankari ta jihar Bauchi, wadda aka buɗe wa jama'a a 1962, amsar a fili take, domin daga ƙofar shiga zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, tafiyar kusan kilomita 40 ce a cikin daji, kuma da sassafe da yammaci ne aka fi ganin namun dawa. Wanda ya taso daga Jigawa ta Birnin Kudu da Ningi ya kwana a cikin garin Bauchi zai samu ɗaki mai rahusa, amma zai biya bambancin da man fetur da gajiyar yara. A wurin wasa da ke tsakiyar birni kuwa, kamar na Abuja ko Legas, kwana a waje ba ya rage maka wani abin kirki. Haka kuma kada ka dogara da labarin da wani ya ba ka na shekarun baya, domin wurare suna sauyawa. Otal ɗin Bagauda da iyayenmu suka sani, yanzu makarantar horar da lauyoyi ce a wurin.

Mataki na uku shi ne ɗaki, kuma a nan nake so a fi daɗewa, domin mutumin da bai yi barci ba babu lilon da zai faranta masa rai washegari. Kada ka tambayi mai karɓar baƙi ko akwai wuta, domin kowa zai ce maka akwai. Ka tambaye shi daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ake kunna janareta, da kuma ko janaretan ko solar da suke da ita tana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka da ƙwan fitila kawai take ɗauka. Amsar da ta zo da sa'o'i ita ce abin rubutawa, wadda ta tsaya a "babu matsala, Alhaji" kuwa ka sake maimaita tambayar cikin ladabi har sai ka samu lokaci. Nauyin wannan tambaya ya danganta da watan da za ka tafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin bazara, ɗakin da babu sanyi da dare ba ya kwanuwa da ƙananan yara, amma a Disamba da Janairu abin da za ka nema shi ne ruwan zafi da bargo. Wanda zai je Obudu a jihar Kuros Riba, inda masaukin yake a kan tsauni mai tsayin fiye da mita 1,500, shi ma ruwan zafi da bargo ne damuwarsa kusan kowane lokaci.

Bayan wuta sai ruwa. Ka tambaya ko famfon banɗaki yana zuba dare da rana, ko kuwa sai an kawo a bokiti, kuma ko akwai buta ko mesar tsarki. Otal-otal na Turai da Amurka yawanci ba su da ko ɗaya, don haka mai zuwa can ya saka ƙaramar butarsa a jaka. Sannan ka roƙi a nuna maka ainihin ɗakin da za a ba ka ta kiran bidiyo a WhatsApp, ba hoton da aka ajiye ba. Ka ce a ɗaga zanin gado ka ga katifa, a buɗe famfo ka ga ruwa yana zuba, a nuna maka taga ko tana da raga, a kuma nuna maka sakatar ƙofa ta ciki. Wuraren shaƙatawa da yawa a bakin ruwa suke, kamar gefen madatsar Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma inda ruwa yake sauro yana nan, saboda haka raga a taga da gidan sauro sun fi talabijin mai faɗi muhimmanci. Otal ɗin da ya ƙi nuna maka ɗaki ta waya ya riga ya ba ka amsa.

Abu na ƙarshe game da ɗaki shi ne inda yake a cikin harabar. Ɗakin da ke kusa da janareta, ko ɗakin taro, ko wurin iyo, kuɗinsa ɗaya da na can ƙurya, amma barcinsu ba ɗaya ba ne. Ka nemi wanda yake nesa da hayaniya, idan kuma ɗakunanku biyu ne ko uku, ka nemi su kasance a jere, domin uwa ta ji motsin 'ya'yanta.

Mataki na huɗu shi ne abinci, wanda shi ne yake cinye kuɗin mutane ba su ankara ba. Otal-otal suna sayar da ɗaki ta hanyoyi daban-daban: kwana kawai, kwana da karin kumallo, kwana da karin kumallo da abincin dare, ko kwana da abinci sau uku. Idan ba ka san wanne aka faɗa maka ba, ba ka san farashin ba tukuna. Ga misali na lissafi kawai: otal na farko ya ce naira 40,000 babu abinci, na biyu ya ce naira 55,000 da karin kumallo na mutum huɗu. Idan karin kumallon mutum ɗaya a otal na farko naira 5,000 ne, to na biyun ne mai sauƙi, duk da cewa shi ya fi tsada a baki. Ka kuma tambaya karin kumallon na mutum nawa ne a kowane ɗaki, domin sau da yawa na mutum biyu ne ko ma ɗaya.

Ka nemi a turo maka takardar jerin abinci da farashinta, ka karanta ta da tunanin mutanen gidanka. Tsoho ko tsohuwar da ta saba da tuwo da miyar kuka ko kunu da ƙosai ba za ta ji daɗin kwana uku a kan soyayyar shinkafa da dankalin Turawa ba, kuma yaron da ya ƙi abinci shi ne zai hana kowa sakat. Ka tambaya ko ɗakin girki zai iya yin tuwo ko taliya da manja idan aka faɗa da wuri, da kuma lokacin da suke rufewa, domin wurin da yake cikin daji babu mai shayi a bakin titi da za ka nufa da ƙarfe goma na dare. A Arewa batun yanka ba ya cika zama damuwa, amma da zarar an nufi Kudu ko ƙasashen waje ya zama dole a tambaya a fili ko naman yankan Musulmi ne, ko ana dafa naman alade a wurin, kuma ko ana sayar da giya a ɗakin cin abincin da iyali za su zauna ko an ware mata wuri. Tambayar ba abin kunya ba ce, ma'aikatan otal sun saba jin ta. Ka kuma ji ko an yarda a shigo da abinci daga waje, domin kilishi da dambun nama da garin kunu da filas na ruwan zafi suna rage kashe kuɗi sosai. Wanda zai kai guzuri Yankari dai ya riƙa rufe ƙofa da taga, domin birai suna yawo a tsakanin ɗakunan sansanin kuma sun san leda.

Mataki na biyar shi ne yanayin wurin, kuma shi ne ya fi wuyar aunawa daga nesa. Otal-otal na wuraren wasa suna sayar da ado ne tare da ɗaki: a Dubai akwai Lapita, wanda aka ƙawata da salon tsibiran tekun Fasifik, da otal ɗin Legoland da aka tsara ɗakunansa domin yara. Ba na raina wannan, domin farin cikin yaro idan ya shiga irin wannan ɗaki gaskiya ne, kuma don shi aka yi tafiyar. Amma ga gida irin namu akwai abubuwan da suke gaba da ado. Shin akwai masallaci ko wurin salla mai tsabta, kuma an nuna alƙibla a ɗaki? Shin ana yin kiɗa da daddare a ƙarshen mako, ko ana ba da ɗakin taro haya ga masu biki a ranakun da za ku sauka? Shin maza da mata suna shiga wurin iyo tare, ko akwai lokacin da aka ware wa mata, kuma akwai mai lura da yara a bakin ruwa? Ruwan Wikki, wanda ɗuminsa yake kusan digiri 31 rani da damina, yana jan yara ƙwarai, kuma ruwa mai daɗi shi ya fi bukatar idon babba. Ka haɗa da tambayar masu gadi, da hasken harabar da dare, da layin wayar da yake kamawa a wurin, da asibitin da ya fi kusa.

Domin tabbatar da abin da aka faɗa maka, ka duba ra'ayoyin waɗanda suka taɓa sauka a Google Maps, ka fara da na watannin nan, ba na shekaru uku da suka wuce ba. Ƙorafin mutum ɗaya ba hujja ba ne, amma idan mutane daban-daban suka ambaci rashin ruwa ko kiɗan dare, ka ɗauke shi da gaske. Wanda ya fi duka shi ne ɗan garinku ko malamin makarantar da ya kai ɗalibai wurin a bana.

Mataki na shida, ka ja layi uku a takarda, kowane otal da nasa, ka rubuta jimillar kuɗin kwanakin duka: ɗakuna, abinci, kuɗin shiga wurin wasa idan ba ya cikin na ɗaki, da kuɗin mota. Ka tambaya ko an riga an saka harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da kuɗin hidima a farashin, domin wasu sai ranar biya suke ɗora su. Duk otal ɗin da ya faɗi a kan wuta da ruwa, ko a kan halaccin abinci, ka soke shi komai rahusarsa. Tsakanin waɗanda suka rage kuma sai ka bari abinci ya yanke hukunci kafin ado. Idan za ka ba da kafin alƙalami, ka tura shi asusun da ke ɗauke da sunan otal ɗin, ba na wani mutum ba, ka karɓi rasit mai nuna ranaku da irin ɗakin da abin da kuɗin ya ƙunsa, ka kuma ji ƙa'idarsu idan uzuri ya sa aka fasa ko aka ɗaga tafiyar. Yawancin otal-otal suna ba da ɗaki ne daga ƙarfe biyu ko uku na rana, su karɓe shi da sha biyu, don haka ka tsara fitowarka daga gida a kan wannan. Ranar da kuka isa, ka bar iyali da kaya a mota ko a wurin karɓar baƙi, ka shiga ɗakin kai kaɗai ka kunna fanka da na'urar sanyi, ka buɗe famfo, ka gwada sakata, sannan ka biya ragowar kuɗin.