Babi na 6: Rage rassan bishiya, daga bakin tsohon ma'aikacin gandun daji

Toh jama'a sannunku da ƙoƙari. Wannan babin daga bakin wani dattijo muka ɗauko shi, ma'aikacin gandun daji ne da ya yi ritaya, ƙuruciyarsa duk a kan darbejiya da mangwaro ta ƙare. Ku karanta a hankali, ku sa yatsa a ƙarƙashin layi, wanda kalma ta yi wa wuya kar ya ji kunya, ya tambayi na kusa da shi.

Darasi na 1: Kafin ka hau

Baba, wato dattijon nan, ya ce kar ka taɓa tsani sai ka ɗaga kai ka duba. Me kake dubawa? Wayar wuta, da gidan zuma ko na rina. In reshe na kusa da waya to ba aikinka ba ne, a kira ma'aikatan wuta su kashe layin tukuna, saboda ɗanyen ice yana jan wuta. Ka kori yara da awaki daga gindin bishiyar, wani ya riƙe maka tsani, kai kuma ka ɗaure ƙugunka da igiya mai ƙwari a jikin bishiyar, ba a reshen da za ka yanke ba.

Darasi na 2: Yanka uku

Nan ne kowa yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Reshe mai kauri nauyi gare shi, in ka fara ta sama kafin ka gama zai karye da kansa ya yago ɓawon bishiyar ya sauko da shi, ta wannan raunin ruwa da gara suke shiga har cikinta ya ruɓe.

Yanka na 1, ta ƘASA. Ka auna kamu ɗaya daga jikin bishiya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ka sa zarto a ƙarƙashin reshe, haƙoransa na kallon sama. Ka raba kaurin reshen gida 3 da ido, ka ci gida 1 ka tsaya.

Yanka na 2, ta sama. Ka matsa yatsa 3 gaba, wajen ganye, ka yanka har ya faɗi. Ɓawon ba zai yage ba don yankan ƙasa ya tare shi.

Yanka na 3, ka cire guntun da ya rage. Akwai ɗan kumburi inda reshe ya haɗu da uwar bishiya, shi ne wuya, ka yanka dab da shi amma ka bar shi, shi zai rufe ciwon.

Mu maimaita. Ta ina ake farawa? Ta ƙasa. Ku faɗa da ƙarfi, ta ƙasa. Madalla. Ku rubuta a littafinku: ƙasa, sama, wuya. Ko rubutun ya karkace ba komai, hannu zai saba.

Amma haba jama'a, duk ranar gwaji sai na ga magidanci da gemunsa ya ɗora zarto a sama wai sauri yake. Saurin me? Bishiyar da kakanku ya dasa za ka lalata cikin minti 5? Dan Allah ƙasa tukuna. In ka ga zartonka a saman reshe alhali babu yanka a ƙasa, ka ɗauke shi ka koma ƙasa.

Darasi na 3: Yaushe, kuma nawa

Mangwaro sai an gama tsinke 'ya'yansa. Kar ka rage fiye da kashi 1 cikin 4 na ganye a shekara, kuma kar ka shafa baƙin mai a wurin yankan. Manoman Maradi a Nijar tun shekarun 1980 da irin wannan kula suke raya tohon gawo da kalgo a gona, su bar masu ƙarfi su cire sauran.

Darasi na 4: Ciniki

A gama magana a ƙasa kafin ka hau. Ka rubuta kwanan wata, bishiya nawa, kuɗi nawa, da wanda zai kwashi icen. In sarewa za a yi gaba ɗaya sai da izinin ofishin gandun daji.

Darasi na 5

Baba ya ce gwiwa tana gajiya, ka shiga adashe, ka koya wa yaro aikin tun kana iya hawa.

Aikin gida: ku rubuta yankan nan uku a jere. Wanne ne na farko?