Yadda za ku tara kuɗin ƙungiyar 'yan gari daga albashi

Mu da ke aiki a Abuja mun san yadda karo-karo ke mutuwa. Albashi ya shigo, kafin ma'aji ya buga waya, haya da cefane sun cinye shi.

Da farko ku yi wa ƙungiyar rajista a hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, bisa dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA. Da takardar rajistar ce za ku buɗe asusu da sunan ƙungiya. Ku zaɓi mutum uku, kada kobo ya fita sai biyu sun sa hannu.

Sai maganar abin da kowa zai bayar, nan ake yawan rigima. A ganina kaso ya fi adalci. Idan kun tsayar da kashi 1 cikin 100, mai karɓar mafi ƙarancin albashi, Naira 70,000, zai ba da 700, darakta kuma ya ba da daidai ƙarfinsa. Masinja da ke hawo mota daga Nyanya kullum ba zai ji an danne shi ba.

Daga nan kowa ya je bankinsa ya rubuta umarnin a riƙa tura kuɗin duk wata, kwana biyu bayan ranar albashi, da yardarsa.

Ranar taro ma'aji ya zo da takardar banki a hannu, ya karanta abin da aka kashe: jinya, kuɗin makarantar marayu, kai gawa gida.